Kafin Ki Shiga Wurin Likita

Tompkinsville, Staten Island

Uwani 'yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya kai ku Ohio lafiya, ke da mijinki da wanda kike ɗauke da shi. Ya tsare ku daga sharrin hanya da gyangyaɗin direba, ya sa ku tarar da gidan da kuka kama kamar yadda kuka gan shi a hoto, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Amin.

Na soke takardar nan a jakar dambun nama, don na san ita ce jakar da mijinki ba zai bari a manta ba. Rubutawa na yi saboda kin san bakina ya fi hankalina sauri. Shekaranjiya a kicin kika faɗa mini abin da gwaji ya nuna: yaron namiji ne, zai zo da lalurar nan da take sa mutum jinkirin koyo duk rayuwarsa, ga kuma rami a zuciyarsa. Kafin in buɗe baki kika ɗaga mini hannu kika ce da Turancinki, "Mama, don Allah ban da wa'azi." Kika ce likitan can ya ba ki rana mako mai zuwa, za ki je ki ji, daga nan ki yanke shawara ko a bar cikin ko a cire. Na ci gaba da yanka kuɓewa.

Kada ki ɗauka shirun nan yarda ce. Kin san inda na tsaya tun ba yau ba. Wanda yake cikinki rai ne, Allah ne ya ba shi, ba ni da ikon cewa a ɗauke shi, ke ma ba ki da shi. Na faɗa sau ɗaya, ba zan yi ta nanatawa ba. Abin da ya rage kurakuraina ne. Kin zauna a cikinsu, kin sha ɗacinsu, amma ba ki taɓa jin su daga bakina ba.

Lokacin da na sami cikin ƙanenki na haura arba'in, ke kuma kina shekarar ƙarshe a sakandare. Kunya ta kama ni. A garinmu, can wajen Malumfashi, mace mai budurwa a ɗaki ba ta yawo da ciki tana nunawa, balle ta zaunar da 'yar fari ta ce mata ga abin da ake ciki. Sai na shiga sa manyan riguna ina cewa abincin ƙasar nan ne ya karɓe ni. Kin tuna wadda ta fasa ƙwan. Hajiya Fati, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene, 'yar Zangon Kumasi, ta tare ki a matakala da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Ei, Uwani, ka kusa samu ƙane fa, ka daina bari Mama yana ɗauka kaya!" Kika hauro kika tsaya a ƙofar kicin kina kallona kamar ba ki san ni ba. Ni kuma maimakon in ba ki haƙuri sai na ce ki je ki wanke shinkafa.

Ɓoyon bai tsaya a kanki ba. Ranar da aka tura ni babban asibiti a Manhattan jin sakamakon gwaji, ni kaɗai na tafi. Babanki yana wurin aikinsa a garejin ajiye motoci, ban ma gaya masa ba. Likitar wata doguwa ce mai furfura. Da ta ga Turancina ba zai ɗauki maganar ba sai ta kira tafinta ta waya, wani bawan Allah, daga jin Hausarsa Bakano ne. Ya fara da, "Sannu, Hajiya." Na ce masa Rifkatu nake. Ya ce, "To, sannu Hajiya Rifkatu." Ya fassara mini cewa yaron ba zai rayu ba, in ma ya zo da rai ba zai daɗe ba. Da aka zo ɗaya maganar sai na ji ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, aikina ne in faɗa yadda ta faɗa. Ta ce in kina so, za a iya zubar da shi."

Na miƙe tsaye na zazzaga wa matar nan masifa da Hausa. Tafinta ya ƙi fassarawa, sai "A yi haƙuri, Hajiya" yake ta yi. Na fito na hau jirgin ruwan da yake haye da mu zuwa tsibirinmu na dawo gida na tuƙa tuwo kamar ba abin da ya faru. Sai da na yi makonni ina ramewa kafin na gaya wa babanki. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe ni baƙo ne a gidan nan." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Don haka kada ki shiga ɗakin likita ke kaɗai. Ki tafi da mijinki ya ji da kunnensa. Na lura da shi shekaranjiya, yana ta ɗaure kwalayen da an riga an ɗaure, don kada a haɗa ido da shi. Tsoro yake ji, jira yake ki faɗi abin da kike so ya ce shi ma haka yake so. Kada ki bar shi ya ɓuya a bayanki, ɗansa ne. Ki tambaye shi kai tsaye, ki jira amsa ko da za ta kwana. Likitan kuma kada ki mai da shi abokin gaba yadda na yi. Matar da na zaga ba ƙarya ta yi mini ba, kuma ranar haihuwa ita ce ta tsaya a kaina, ta karɓi yaron da hannu biyu kamar nata. Ki yi musu tambaya har su gaji. Wane aiki ake yi wa irin zuciyar nan? Yaushe ake yi? Su wa suka haifi irinsa a garin, za a iya haɗa ki da su ki gani da idonki? Ki shirya tambayoyin tun daga gida, don mutum yana shiga ɗakin nan kansa yake kullewa.

Kin sha tambayata abin da ya sa ni ban ko tsaya tunani ba. Ba wani dogon ilimi ba ne, tulun nan ne. Da shi na shigo ƙasar nan, a naɗe cikin zannuwa, a cinyata tun daga Kano, ma'aikacin filin jirgi yana haska cikinsa da tocila yana tambayar me zan dafa. A cocinmu na gida ni ce mai buga tulu a zumuntar mata. Da muka zo nan muka daɗe a tsakiya: masu jin Hausa ba sa zuwa coci, masu zuwa coci ba sa jin Hausa. Sai Allah ya haɗa mu da matan Filato da na kudancin Kaduna da na Adamawa, masu taruwa a ɗakin ƙasa na wata majami'a a Flatbush don su yi sujada da harshen da suka saba, aka sake miƙa mini aikina.

Asabar ɗin da ta biyo bayan maganar likita na je koyon waƙa, ba don ina so ba, don dai kada a tambaye ni dalili. Na zauna na jingina tulun da cikina, na ɗauki soso na bugi bakinsa. Kin san ƙararsa, a ƙirji ake fara jin ta kafin ta kai kunne. Sai na ji an amsa mini daga ciki. Na tsaya, ya tsaya. Na buga, ya harba. Mata suna ta waƙa, mai kacau-kacau tana hararata don na ɓata musu kiɗa, ni kuwa ina can muna hira da ɗana. Daga ranar ba wanda ya isa ya ce mini abin da nake ɗauke da shi ba mutum ba ne.

Sai dai daga nan na faɗa wani ramin. Na ɗauka tunda na ƙi zubarwa, to dole Allah ya saka mini da mu'ujiza. Na tashi gaban jama'a ranar Lahadi na ba da shaidar abin da bai faru ba tukuna. Na ce likitoci za su sha kunya, na ce ranar suna da yaron nan a bayana zan taka rawa. Aka yi ta tafi da guɗa. Har 125th Street na je wurin 'yan Nijar na zaɓo atamfar anko. Babanki ya ce, "Maman Uwani, ki rage wa Allah wurin da shi ma zai yi magana." Na ce masa bangaskiyarsa ce ƙarama.

Yaron ya zo da safe. Ban bari kin zo asibiti ba, na ce ba wurin yara ba ne, don haka bari in gaya miki kamanninsa. Ƙarami ne ƙwarai, hannuwansa a dunƙule, gashinsa baƙi ƙirin irin na babanki, goshinsa kuwa naki ne sak, wannan goshin da kike ta ɓoyewa da gashi. Kukansa ƙasa-ƙasa, sai an kasa kunne. Fasto ya zo ya yi masa addu'a. Babanki ya sa masa ɗan yatsa a tafin hannu ya ƙi cirewa har hannunsa ya sage. Ya sha ɗumin ƙirjina wuni guda, kafin rana ta faɗi ya koma. Abin da likita ta faɗa shi ne ya faru, ba ragi ba ƙari.

Na yi fushi da Allah, fushi na gaske, wata da watanni. Ina zuwa coci in zauna a baya bakina a rufe. Sai daga baya na gane alkawarin da nake tuhumarsa da karyawa ni ce na ɗauka da bakina a madadinsa. Shi bai ce mini yaron zai rayu ba. Ba ni shi ya yi in riƙe, na kuwa riƙe iyakar abin da aka ba ni, kuma da za a mai da ni baya, wunin nan guda ba zan ba da shi a bakin komai ba. Saboda haka ba zan ce miki ki bar cikin don gwaji zai zama ƙarya ba. Mai yiwuwa gaskiya ne. Za ki haɗu da masu cewa ki yi azumi kaza ki sha mai kaza yaron zai fito garau. Ki gaishe su da ladabi ki wuce. Ki yi addu'ar warkarwa, ni ma ina yi safe da yamma, amma ki yi shirin yaron da aka ce miki yana zuwa, ba wanda kike so a musanya miki ba.

Kuskuren da ya fi taɓa ki shi ne wanda ya biyo baya. A garinmu jaririn da bai kai ranar suna ba, ba a yi masa makoki. Maza ne suke ɗaukarsa su kai shi, uwa ba ta bi, ba a raɗa masa suna, ba a zaman gaisuwa. Mata su leƙo su ce, "Allah ya ba da mai zama," shi ke nan kowa ya kama gabansa. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa kakata, tun kafin bishara ta zo mana, da ta zo kuma ba wanda ya tuna ya tambaya ko al'adar ta dace da ita. Ni ga kunyar shaidar da na bayar, ga al'ada ta buɗe mini wurin ɓuya, sai na shige. Babanki da fasto su biyu suka kai shi maƙabarta a nan tsibirin. Shugabar zumunta ta kira ta ce suna zuwa da waƙa, na ce kada wadda ta taka mini matakala. Na ɗora tulun a saman kabad na rufe shi da tsohon zane. Ke kuma na same ki a ɗaki kina kuka, riƙe da 'yar hular da kika saƙa masa, na ce, "Share hawayenki, ba a yi wa irinsu kuka. Gobe akwai makaranta."

Kika share. Lahadin da ta biyo baya ba ki hau wurin mawaƙa ba, ke da kike ja musu baki tun kina 'yar mitsitsiya ana ɗora ki a kan benci don a gan ki. Na ce ƙuruciya ce za ta wuce. Har yau ba ki sake hawa ba.

Ban gane abin da na yi ba sai da babanki ya rasu, bayan guguwar nan da ta cika mana tsibiri da ruwa. Shi kam an yi masa komai. Mata suka zo daga Brooklyn da Bronx da New Jersey, suka cika falo har matakala, aka sauko da tuluna aka miƙa wa wata, aka yi ta waƙa kwana da kwanaki. Baturen da yake samanmu ya fara buga mana rufi da sanda. Hajiya Fati ta hau da kwanon shinkafa da wake ta ce masa mutuwa aka yi, ko ya ci ya yi shiru ko ya sauko ya zauna. Ya kuwa sauko ya zauna a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ita Hajiya ba ta shiga waƙarmu, amma ba ta bar tukunya ta huce ba. Waƙar nan ce ta riƙe ni, Uwani. Bakina ya kasa addu'a, sai na zauna na bar bakin wasu ya yi mini.

Ana cikin haka na shiga kicin na same ki kina wanke kofuna. Ba ki juyo ba. Da Hausa kika yi maganar, ke da sai an matsa miki kike yin ta, shi ya sa har yau take kunnena. Kika ce, "Mama, shi fa? In mutum ne, ina waƙarsa? In ba mutum ba ne, me ya sa kika sha wahalar nan duka?"

Na ce ki rage ruwan famfo. Abin da na iya cewa ke nan.

Ga amsar yau, ko da ta makara. Mutum ne, ni ce na yi masa rowa. Na tsaya gaban likita ina faɗa a kan cewa mutum ne, na dawo gida na sa aka binne shi kamar ba kowa ba. Da baki na koya miki cewa rai yana da daraja tun daga ciki, da aiki kuma na koya miki cewa wanda bai zo yadda ake so ba a rufe maganarsa a wuce. In yau kina duban cikinki kina tunanin ko a rufe maganar a wuce, ba daga Turawa kika fara jin haka ba, daga ɗakina ne. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Yana da suna. Kyauta nake kiransa a zuciyata tun Asabar ɗin nan ta Flatbush, babanki ma ya sani. Bara na sa aka rubuta a dutsen kabarinsa. Nakan je bayan sujada in zauna in yi masa waƙoƙin da na hana shi, a hankali dai, don masu yankan ciyawa sun fara kallona. Ban gaya miki ba saboda wannan kunyar da ba ta taɓa tsinana mini komai ba. Duk ranar da kika shirya zan kai ki.

Ke kuma duk abin da ya same ki a can, kada ki haɗiye shi. Ki nemi jama'ar da za su zo gidanki ranar da ba ki iya tashi, ba masu kyan gini da kyan fitilu ba. Ba sai masu Hausa ba, Allah yana jin Turanci, har irin naki mai gudu. In kina fushi da shi ki faɗa masa, ya ji wanda ya fi naki zafi daga bakina bai kore ni ba. Muryar nan kuma ni na rufe ta, ba shi ba, kada ki hukunta shi da laifina. Ban ce ki hau gaban mutane ba. Ki fara a kicin, kina wanke-wanke, ba mai jin ki sai mutum ɗaya, wanda yake cikinki.

Saura guda, kuma ita ce ta sa na kama bakina shekaranjiya. Bayan rasuwar babanki, wata yarinya a zumuntarmu, ba zan faɗi sunanta ba, ta biyo ni har tashar jirgin ƙasa bayan an tashi sujada. Ta ce tana da ciki, mutumin ya gudu, aikin kwana take yi a gidan wasu tsofaffi, cikin yana fitowa za su sallame ta, ba ta da kowa a ƙasar nan. Ni ta zaɓa don kowa ya san labarina. Ni kuwa na gyara tsayuwa na buɗe mata wuta. Na faɗa mata zunubi ne, na faɗa mata hukunci, na ba ta labarin kaina da irin jimirin da na yi. Duk abin da na faɗa har gobe ina ganin gaskiya ne. Ta saurara har na gama, ta ce, "Na gode, Mama." Jirgi ya zo ta shiga. Ba ta sake zuwa coci ba, lambarta ma ta daina shiga. Ban san abin da ta yi ba.

Sai da na kai tsakiyar ruwa a hanyar gida na tuna kina can makaranta, ɗakinki a rufe ba kowa. Yarinyar nan ba ta zo tambayata ko zunubi ne ba, ta riga ta sani. Zuwa ta yi ta ji ko akwai inda za ta kwanta, da wanda zai riƙe mata jariri ta je aiki. Ina da ɗaki, ina da bayan goyo, amma magana na ba ta. In wata rana wata ta tare ki da irin wannan, ki fara tambayarta ta ci abinci, ina za ta kwana, sannan sauran su biyo baya. Ina sa ta a addu'a kullum, ita da abin da take ɗauke da shi a ranar.

Na ji abin da kika faɗa a ƙarshe, lokacin da kika ɗauka hankalina yana kan miya. Kika ce nawa zuwa ya yi ya tafi, naki zuwa zai yi ya zauna, ya girma ku tsufa, to wa zai riƙe shi ranar da ba ku? Ba ni da amsar da za ta rufe wannan. Gaskiya ne nauyinki ba irin nawa ba ne, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa da sauƙi ba. Aikina ke nan tun da na zo ƙasar nan, wanka da ciyarwa da juya waɗanda ba sa iya yi wa kansu, na san yadda baya yake ciwo da yamma. Na kuma san ban taɓa yi wa wani wanka na ji a raina cewa gara da ba a haife shi ba. Ranar da ba ku kuwa, ni ma da na haife ki ban san wa zai riƙe ki ba, ban kuma san za a wayi gari ba babanki ba. Wanda ya riƙe mu yana nan. Amma ba zan tsaya a kan magana ba wannan karon.

A al'adarmu cikin fari a gidan iyaye ake haihuwarsa. In ya tsufa sai a kai yarinya wurin uwarta goyon ciki, ta haihu, a yi mata wankan jego, a cika ta da kunun kanwa, sai ta murmure ta yi kyau a mayar wa miji. Wannan al'adar kam ba ni da faɗa da ita. Ke ga shi kin juya ta, lokacin da ya kamata ki nufo gida ne kike loda kaya a mota. To, tunda ba za ki zo gida ba, gida zai bi ki. Jiya na gaya wa ofishinmu su nema wa tsohuwar da nake kula da ita wata kafin sanyi ya wuce. Na gaya wa mai gida ba zan sabunta haya ba. Hajiya Fati ta yi kuka ta ce da wa za ta riƙa gardama, na ce ta saba da waya. Kaburbura biyu zan bari a tsibirin nan, su yanzu ba sa bukatata.

Ba wankan jego zan yi in juyo ba. Zuwa zan yi in zauna. In kai shi asibiti, in bi layi, in kwana a kujera ranar da za a yi masa aikin zuciya, in goya shi ki je aiki, in koya masa cin tuwo komai daɗewar da zai yi kafin ya iya. Ki gaya wa mijinki ya yi haƙuri, ya sami suruka a falo. Ba na cin wuri, sai dai surutu.

Kada kuma ki ɗauka ciniki nake yi da ke. In kika shiga ɗakin nan kika yi abin da nake roƙon Allah kada ki yi, ba zan ce miki daidai ne ba, ko a ranar ko bayan na tsufa tukuf. Zan yi kuka, zan raɗa masa suna, zan yi masa waƙa. Amma zan zo duk da haka, don ranar ce za ki fi bukatar uwa, kuma ke ba zan yarda lambarki ta daina shiga ba.

Ubangiji ya yi muku jagora, ya daidaita tsakaninki da mijinki, ya ba ki barci mai daɗi da zuciya mai natsuwa. Ya ɗora hannunsa a kan ƙaramar zuciyar nan mai rami. Ya ba likitocin can basira da tausayi. Ki gaishe mini da surukina, ki ce ya riƙa tsayawa yana hutawa a hanya, Ohio ba guduwa za ta yi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar, ki kira ni kafin ki shiga, ba bayan kin fito ba. Ba sai kin ce komai ba, ni ma ba da ke zan yi magana ba. Ki ɗora wayar a cikinki kawai. Jika namiji mijin kakarsa ne, kuma tun da aka ce mini maigidana yana hanya ban gaishe shi ba.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Mamanki,
Rifkatu